Inji ya cinye min yatsu uku, sun ce ba diyya

Wasiƙar wannan makon daga wani matashi ce mazaunin Agege. Na ɗan rage mata tsawo, na kuma cire sunan kamfanin da na ejan ɗin.

"Assalamu alaikum Malam. Shekarata huɗu ina aiki a wata masana'antar roba a wajejen Ikeja. Wani ejan ne ya kai mu, shi yake turo mana albashi ta banki. Wata bakwai da suka wuce muna aikin dare, roba ta maƙale a injin niƙa, na sa hannu zan zaro, sai injin ya tashi ya cinye min yatsu uku na hannun dama. Foman ɗinmu ne ya kai ni wani asibitin kuɗi a motar kamfani. Sun biya kuɗin aikin da aka yi min, suka ba ni albashin wata biyu, daga nan shiru. Da na matsa, manaja ya ce sun kai maganata wurin masu inshora an ƙi biya, wai gangancina ne, kuma ni ba ma'aikacinsu ba ne, na ejan ne. Shi kuma ejan ya ce ba a injinsa na ji ciwo ba. Yanzu sun ce in zo in karɓi naira dubu 200 in sa hannu a takarda, magana ta wuce. Kawuna ya ce ƙaddara ce, in karɓa in koma gida, talaka ba ya ja da kamfani a garin da ba nasa ba. Ina da mata da 'ya'ya biyu, ko cokali ba na iya riƙewa da kyau. Malam, in karɓa ne?"

Wa alaikumus salam ƙanena. Sannu, Allah Ya ƙara sauƙi, Ya sa kaffara ne.

Kada ka sa hannu. Ko dangwala yatsa aka ce ka yi, kada ka yi, sai wani naka da ya iya karatun irin wannan takarda ya karanta maka ita daga sama har ƙasa. In sun hana ka fita da ita, ka ɗauki hotonta da waya. In sun hana ɗaukar hoton ma, to ka san ruwa ba ya tsami banza.

Na karanta wasiƙarka sau biyu, abin da ya tsaya min a rai shi ne kalmar nan "an ƙi biya". Wa ya ƙi? Ran yaushe? Ina takardar? Ba ka ce an nuna maka komai ba. Manaja ya faɗa maka da fatar baki, kai kuma ka ɗauko maganar har Agege kana juya ta a zuci kamar alƙali ne ya yanke hukunci. A sanina da Legas, irin wannan "an ƙi" ba ya wuce ɗayan uku: ko an kai da gaske aka ƙi, ko ba a taɓa kaiwa ba, ko kuma kamfanin ba shi ma da rajistar da zai kai maganar. Kowanne da maganinsa, amma ba daga bakin manaja za ka san wanne ne ba.

Ga yadda abin yake. A watan Disamban 2010, zamanin Goodluck Jonathan, aka sa hannu a dokar biyan diyya ga ma'aikata, ta maye gurbin tsohuwar dokar 1987. Ita ce ta damƙa wa NSITF, hukumar inshorar ma'aikata ta gwamnatin tarayya, wani asusu na musamman. Duk mai ɗaukar ma'aikata ya wajaba ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya a wata, daga aljihunsa, ba a yarda ya yanka daga albashin ma'aikaci ba. Daga wannan asusu ake biyan wanda ya ji rauni a bakin aiki, ko iyalan wanda ya rasu. Wato ba alfarma kake nema ba. Kuɗi ne da doka ta ce a tara tun kafin hannunka ya shiga injin.

Hujjojin nan biyu da suka ba ka kuwa, babu mai ƙwari a cikinsu. Na farko, ganganci. Tsarin asusun ba neman mai laifi yake yi ba. Abin da yake tambaya shi ne: raunin nan a kan aiki ya faru, ko ta dalilin aikin? Har wanda ya yi haɗari a hanyarsa daga gida zuwa wurin aiki dokar ta sa shi ciki, balle kai da kake tsaye gaban inji da tsakar dare kana ƙoƙarin kada aikinsu ya tsaya. In ma maganar laifi suke so a tono, to a tono. Me ya sa injin niƙa zai tashi hannun mutum yana ciki? Yana da murfin kariya ko an cire don aiki ya yi sauri? Wa ya danna makunni? An taɓa zaunar da ku an koya muku yadda ake kashe shi kafin a zaro abin da ya maƙale? Awa nawa ka yi a tsaye kafin abin ya faru? Dokar masana'antu ta ƙasar nan ta wajabta a killace duk ɓangaren inji mai haɗari, kuma Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya tana da jami'an da aikinsu ke nan, duba masana'antu. Manajan ya san wannan sarai, ina ma zaton shi ya sa ya riga ka furta kalmar ganganci.

Na biyu, wai kai na ejan ne. Dokar da take fassara waye ma'aikaci ba ta ce sai mai takardar ɗaukar aiki ba. Ta haɗa da wanda aka ɗauka da baki, da na wucin gadi, da mai aikin yini, da ɗan koyo, har mai aikin gida. Ta kuma ce idan kamfani ya kawo ɗan kwangila ya yi masa aiki a harabarsa, su biyun ne ke ɗauke da nauyin kuɗin da za a zuba a asusun. Saboda haka wannan wasan da suke yi da kai, wannan ya tura ka wurin wancan, ba naka ba ne ka raba musu gardama. Duk takardar da za ka rubuta, ka sa sunan kamfani ka sa na ejan, su je can su daidaita tsakaninsu.

Yanzu abin da ya fi damuna: lokaci. Doka ta ba ma'aikaci kwana 14 ya sanar da mai aikinsa raunin da ya ji. Wataƙila ba ka rubuta komai ba, kana kwance a gadon asibiti, amma kada wannan ya tayar maka da hankali, don dokar ta yi sassauci in mai aikin ko wakilinsa ya san da faruwar abin. Foman ne ya ɗauke ka a motar kamfani, su suka biya asibiti, babu bakin cewa ba su sani ba. Su kuma kwana 7 aka ba su su kai rahoto NSITF. Sai babban wa'adin: neman diyya ana shigar da shi ne cikin shekara guda daga ranar rauni. Akwai damar kaiwa shekara uku in da wani uzuri na musamman da ya hana, amma kada ka jingina da wannan. Ka ci wata bakwai, saura biyar. Duk "dawo mako mai zuwa" da ake ce maka, daga cikin wata biyar ɗin nan ake gutsura. Ba na cewa da gangan suke yi, Allah ne masanin zuciya, amma ja maka rai su yake amfana.

In kuwa ta tabbata an kai ɗin kuma hukumar ta ƙi, to akwai wani agogon daban. Wanda bai gamsu da hukuncin hukumar ba yana da kwana 180 daga ranar hukuncin ya rubuta mata a sake dubawa, ita ma tana da kwana 180 ta ba da amsa. In har yanzu bai gamsu ba, sai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda reshenta na Legas yake Ikoyi. Ka lura, daga ranar hukuncin ake ƙirgawa. In takardar ƙin tana kwance a durowar manaja wata uku, kwanakinka ne suke ƙonewa a ciki.

Don haka ka tashi da ƙafarka ka je ofishin NSITF, suna da rassa a Legas har da Ikeja. Ka je da sunan kamfanin da na ejan a rubuce, yadda suke a jikin allo ko a saƙon banki, ba sunan da kuke kiransu da shi a majalisa ba. Abu uku za ka tambaya: suna da rajista? An kawo rahoton haɗarina? An yanke wani hukunci a kai? In an yanke, ka nemi kwafi. In ba a taɓa kawowa ba, ka ce kai ka zo shigar da naka, a ba ka fom. In kuma babu rajistar gaba ɗaya, laifin nasu ne ba naka ba. Gaskiya hakan kan sa biya daga asusun ya yi wuya, amma ya zama ƙarin makami a hannun lauyanka.

Bari in daɗe kaɗan a kan takardu, don a nan mutanenmu suka fi faɗuwa. Mu mun tashi a inda magana ɗaya ta dattijo ta ishi shaida. Legas ba ta san wannan ba, takarda take ji. Duk wasiƙar da za ka kai, ko kamfani ko hukuma, ka yi ta kwafi biyu. Ka miƙa ɗaya, ɗayar ka ce a buga maka hatimi a sa hannu a rubuta kwanan wata, ka dawo da ita gida. Sakatariya za ta iya cewa "bar ta nan kawai, oga zai gani". Kada ka bari. Ka tsaya cikin ladabi har a buga. In maigadi ya hana ka shiga, ka aika ta kamfanin kai saƙo ka adana rasit ɗinsu. Na taɓa raka wani ɗan garinmu mai irin matsalarka wurin lauya, ya zazzage baƙar leda cike da rasit a kan tebur, sai ga rabinsu sun koɗe fari fat. Irin 'yan siraran takardun nan ne da na'ura ke fitarwa, zafi da gumi sun cinye rubutun. Mutumin nan ya riƙa ɗaga su ɗaya bayan ɗaya yana hangawa a hasken taga, ba ya ganin komai. Tun ranar nake cewa kowa: ka yi fotokwafi yau, ka ɗauki hoto, ka tura wa wani amintacce ta WhatsApp ko da waya za ta ɓata.

Ka tara katin shaidar aiki in an ba ka, rigar aiki ko hula mai tambarin kamfani, duk hoton da ka taɓa ɗauka a cikin masana'antar. Ka je banki a buga maka bayanin asusunka na shekara huɗun nan, shi zai nuna wa ke biyanka da nawa ake biyanka, kuma a kan albashin ake lissafin diyya. Albashin wata biyun da aka ba ka bayan rauni ma shaida ne. Abokan aikin da suke wurin a daren, kada ka ji haushi in sun noƙe, kowa tsoron abincinsa yake yi. Karɓi lambobinsu kawai ka ajiye. Ka kuma nemi wanda ya riga ya bar aikin, shi ya fi sakin baki.

Sai asibiti. Koma can ka nemi rahoton likita, ka kuma sa a karanta maka abin da aka rubuta a katinka ranar farko. Kai kana cikin jini da raɗaɗi, wani ne ya ba da bayani a madadinka. Me ya ce musu? Ya ce inji ne a wurin aiki, ko ya ce ciwo ka ji a gida? Wane suna aka rubuta? Ka san yadda ake dagula sunayenmu a garin nan, mutum ɗaya sai ka ga suna uku: na katin ɗan ƙasa daban, na banki daban, na asibiti daban. In akwai saɓani, takardar rantsuwa a kotu tana gyara shi, amma gara ka gano da kanka tun kafin a yi maka hujja da shi. Bayan haka ka je asibitin gwamnati a duba hannun, a rubuta gwargwadon nakasar. Asibitin Ƙashi na Igbobi, kan titin Ikorodu, ɗan'uwan na Dala ne a Kano, aikinsu ke nan. Asibitin da kamfani ya kai ka abokin cinikin kamfani ne, ba zargin kowa nake yi ba, amma rahoton likitan da ba ya cin abinci a hannunsu ya fi nauyi. Ka yi musu maganar rashin riƙe cokalin nan, gashin ƙashi yana taimakawa ƙwarai wajen dawo da ƙarfin sauran yatsun, kuma jinkiri yana sa su sandare.

Mu koma kan dubu 200. Ko da mafi ƙarancin albashi na ƙasa aka auna, naira dubu 70 da aka amince da shi a 2024, kuɗin nan bai cika na wata uku ba. Hannun kuwa da shi za ka ƙarasa rayuwa. Dokar ta tanadi biyan wata-wata: wanda ya nakasa gaba ɗaya kashi 90 cikin 100 na albashinsa, wanda kuma ya rasa wani sashe kamar kai, kashi 90 cikin 100 na abin da aka ƙiyasta raunin ya rage masa na samu, akwai jadawalin da ake dubawa gaɓa-gaɓa. Ga kuɗin magani da taimakon farfaɗowa a gefe. Dokar ta kuma ce duk yarjejeniyar da ma'aikaci ya yi da mai aikinsa ta yafe wannan haƙƙi, ɓatacciya ce. To me ya sa na ce kada ka sa hannu, tunda ɓatacciya ce? Don ban san abin da aka cusa a ciki ba. In an rubuta cewa ka amsa laifinka ne, ko kai ka ajiye aiki da kanka, sai ka ɓata wata da watanni kana warware ƙullin da minti ɗaya ya ƙulla.

Lauya ba sai kana da kuɗi ba. Gwamnatin Legas tana da ofishin lauyoyi masu kare marasa ƙarfi kyauta, wanda aka daɗe ana kira OPD, a Surulere, kuma ba sa tambayar ko kai ɗan wace jiha ne kafin su saurare ka. Akwai Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta tarayya. Akwai kuma cibiyar sulhu ta jihar, wadda aka daɗe ana kira CMC, inda ake kiran ɓangarori biyu a zauna ba tare da an shiga kotu ba. In lauya mai zaman kansa ka samu, ya ce sai an ci zai ɗauki kasonsa, to a rubuta kason tun yanzu. Tambayar da za ka fara yi wa kowane lauya ita ce: wace hanya ta fi min, asusun diyya ko ƙarar kamfani kan sakaci? Ta asusu ba sai ka tabbatar da laifin kowa ba, amma abin da za a ba ka ƙayyadadde ne. Ta kotu kan iya kawo kuɗi mai kauri a dunƙule, amma sai ka kawo hujjar sakacinsu, kuma shari'a ba ta sauri. Ba a cin tudu biyu a rauni ɗaya, shi ya sa zaɓin yake son wanda ya ga takardunka da idonsa. Ni dai abin da zan ce, kada ka bari shekarar ta cika kana cikin shawara.

Kawu kuma, ka gaishe min shi. Ban ga laifinsa ba, ya ga jiya ya ga yau, ya ga waɗanda suka ƙarar da ɗan abin hannunsu a zirga-zirgar kotu suka tashi a tutar babu. Tsoro yake ji maka. Ƙaddara ce, babu musu, babu wanda ya isa ya hana abin da Allah Ya rubuta. Amma ka tuna masa cikin ladabi cewa addinin da ya koya mana yarda da ƙaddara shi ne ya yanka wa kowane yatsa diyyar raƙumi goma, ko da bisa kuskure aka cire shi, cikakkiyar diyyar rai kuma raƙumi ɗari. Ba fatawa nake ba ka kan naka lamarin ba, wannan na malamai ne. Ina nuna maka ne cewa neman diyya bai taɓa zama raunin imani ba. Yafiya tana da lada, amma mai yafewa shi ne wanda ya san abin da yake bi sannan ya bari don Allah. Wanda aka tsorata ya haƙura, ƙwace aka yi masa. Kuma ba kai kaɗai ke da haƙƙi a hannun nan ba, da shi ake ciyar da mutum uku.

Zancen garin da ba naka ba ma, dokar ta tarayya ce, kotun ta tarayya ce. Ɗan Daura da ɗan Badagry matsayinsu ɗaya a gabanta. In kana son dattawa su shiga, ka kai maganar fadar Sarkin Hausawan Agege, sulhu alheri ne, kuma kamfani kan sauya murya in ya ga mutum yana da jama'a. Sai dai ka shiga sulhun bayan likita ya rubuta nakasar kuma lauya ya yi maka lissafi. In ba haka ba, za a ƙara maka dubu hamsin a ce an yi maka ƙoƙari, kunyar manya ta hana ka cewa a'a.

Ba zan ɓoye maka ba, abin zai ci lokaci da kuɗin mota, za ka je ofis a ce mai sa hannu ba ya nan, za ka kwana kana cewa da na karɓi dubu 200 ɗin na huta. Wataƙila ma aikin ba zai dawo ba. In zaman Legas ya gagara, ba laifi iyali su koma gida su ɗan zauna, amma kai kada ka tafi sai ka shigar da takardarka ka karɓi shaida mai hatimi. In ka tafi daga baya, kada ka sauya layin waya, ka kuma bar adireshin wani tsayayye a nan wanda za a iya kai wa saƙo.

Ranar Litinin ka fara da asibitin, ka tafi da wanda ya iya Turanci sosai, ba wanda zai ji kunyar cewa bai gane ba. Talata NSITF. Duk abin da ka tarar an rubuta a katin nan na ranar farko, ka turo min shi kalma da kalma, da amsar da aka ba ka kan rajista, sai mu san wace ƙofa za ka ƙwanƙwasa gaba.